Direba na Uku

Daga makaranta, ranar Laraba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya da uba, da fatan takardar nan ta same ka a ƙasa, ba a kan hanya ba. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Yaya yara? Ni lafiya lau, in ban da murar da fankar ɗakin karatu ta sa mini. Mama ta ce in gaya maka tana fushi, wai tun da Kaka ta rasu ka ɗauke ƙafa, kamar ba Kaka da mahaifiyarka ne 'ya'yan wa da ƙani ba.

Ban kira ka a waya ba, tun da ka ce a ɗakin hutun direbobi kunnen kowa a miƙe yake. Ga abin da ya hana ni sukuni. Ka tuna hirar da muka yi lokacin hutu, a bayan gareji, kana zaune a kan tsohuwar taya? Ita ce ta zama babi na huɗu na kundina a kan gajiyar direbobin doguwar tafiya. Na kai wa malamar da ke duba aikina, wadda muke kira Jan Biro, ta dawo mini da shi ja wur. A gefen kowane sakin layi ta rubuta: “Wa ya ce?”

Ƙa'idar ita ce, duk maganar da ba daga kaina ta fito ba, sai na nuna mai ita. A ƙarshen jimla in sa sunansa da shekara cikin baka biyu, a bayan kundi kuma in jera su duka a shafin da ake kira Manazarta. Wanda bai yi haka ba, ɓarawo ne a wurinsu. Na littattafai ba wuya, don manhajar rubutu ta kwamfuta tana da wani ɗan akwati: sau ɗaya zan shigar da sunan mutum, daga nan duk inda na ɗauko maganarsa sai in danna, ita ta rubuta, ita ta jera a ƙarshe.

Amma Kawu, cewa direba yakan iso daga tafiyar yini guda a juya shi tun inji bai huce ba, da cewa ana sa hannu a takardar hutu alhali ba wanda ya huta, wannan ba littafin da ya faɗa. Kai ka faɗa. Shi ne nake roƙon ka yarje mini in sa sunanka. Don Allah ka amsa da wuri, lokacin miƙa kundi ya matso, ni kuma ko abinci ba na jin daɗinsa.

'Yarka


Daga tasha, ranar Litinin

Uwar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Innarki gwiwa da sauƙi, ta ce a gaishe ki, ta ce kuma ki rufe kanki in za ki zauna ƙarƙashin fanka. Ni dai bayana ne ke ta ƙorafi, shi da kulocin motata sun haɗa baki, kowa na cewa ya tsufa. Ki ce wa mamarki fushinta na kan hanya, ni kuma kullum ina kan hanya, wata rana za mu yi kiciɓis.

Takardarki a tsaye na karanta ta a gidan mai, rabin idona na kan mita, rabin kunnena na wajen wata fasinja da ke rantsuwa an zauna mata a kan kaya. Maganar baka biyu da akwatin kwamfuta, wallahi ban gane kanta ba balle gindinta. Ku 'yan boko komai sai kun sa masa hula. Abin da na sani shi ne, maganar da na ba ki na ba ki, taki ce, ki yi yadda kika ga dama da ita. Ki gaya wa Jan Biron nan ta sassauta miki, 'yar mutane duk ta rame.

Af, na manta ban gaya miki ba ran nan. In barci ya taso wa mutum a kan sitiyari, ba shayi kaɗai ba ne maganinsa. Muna jiƙa tawul mu ɗora a wuya, mu buɗe gilashi iska ta yi ta marinmu, wani ma cinyarsa yake mintsina har ta yi shati. Ki ƙara wannan in yana da amfani.

Ana kirana, an gama lodi.

Kawunki


Daga makaranta, ranar Juma'a

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan baya ya lafa. Murata ta tafi. A gaishe da Inna.

Allah ya saka da alheri! Ranar da takardarka ta iso, ko zama ban yi ba na wuce ɗakin kwamfuta. Na shigar da sunanka cikin akwatin nan, cikakke, da shekara, da cewa hira ce baki da baki. Na bi babin ina dannawa, sunanka na fitowa nan, yana fitowa can. Da na duba Manazarta sai ga ka zaune daram tsakanin wani farfesa da wata hukuma, kamar dama can wurinka ne. Na yi ta dariya ni kaɗai har mai gadin ɗakin ya leƙo. Maganar tawul da mintsini ma na saka, ta ƙara wa babin armashi.

Abin da ya rage, Jan Biro ta yi dubawar ƙarshe, in kai shago a buga, a ɗinke da bango mai tauri. Kwafi huɗu ake so: na sashenmu, na laburare, nawa, da na manajanku. Ka san sharaɗin da ya gindaya ke nan kafin ya ba ni izinin shiga tasha, cewa in na gama zan kawo masa nasa. Ina ɗokin ka ga sunanka da idonka.

'Yarka


Daga gida, ranar Talata

Ke yarinya,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma muna nan, sai dai tun da na karanta takardarki na kasa zaune na kasa tsaye, har innarki ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sunana? A littafin da za a ɗora a teburin manaja? Ke wai da hankalinki kuwa? Na ce miki magana taki ce, ban ce wuyana naki ne ba. Yanzu da na sake karanta takardarki ta farko a zaune, na ga kin tambaya a fili, ni ne na amsa da ka a gidan mai. To na ji, laifina ne rabi. Amma ke da kika yi karatu, ba ki tsaya kin yi tunanin wanda zai karanta ba?

Bari in gaya miki waye manajan nan. Mutum ne da ke gaisawa da kai da hannu biyu da safe, da la'asar ya aiko magatakarda ya karɓi makullin mota. Na ga an yi wa wani haka don ya yi gunaguni a wurin shan shayi, gunaguni kawai, ba rubutu ba. Takardar hutun da na ba ki labari, shi ne yake sa hannu a ƙasanta. A tasharmu ba wanda ya san ke 'yata ce, shi ya sa na saki baki na gaya miki abin da ko innarki ban gaya wa duka ba.

Gemuna ya yi fari. Ba kamfanin da zai ɗauki mai furfura ya damƙa masa babbar mota, kuma ƙannenki uku suna makaranta. Kujerar nan da nake zagi kullum, ita ke riƙe da gidan nan.

Ki cire. Daga baka biyun, daga bayan littafin, daga ko'ina. In babin ba zai tsaya ba sai da sunana, to ya faɗi. Ki rubuto mini da zarar kin yi, don ba zan samu natsuwa ba sai na ji.

Kawunki


Daga makaranta, ranar Asabar

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri. Allah ya huci zuciyarka. Lafiyata ƙalau, a gaishe da Inna da yara.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka da na karanta takardarka, kuma da farko haushi na ji, na ce ai kai ka ce in yi yadda na ga dama. Na kai wa Jan Biro ƙara ina tsammanin za ta goyi bayana, sai ta zare tabarau ta wanke ni tas. Ta ce ita ta ce in nuna madogara, ba ta ce in miƙa mutum ga mai yanka ba. Ashe akwai hanyar da ake bi: a ɓoye sunan mai magana a ba shi laƙabi, ita malama ta san ko wane ne, shi ke nan ƙa'ida ta cika. Da na tambaye ta tun farko, da duk wannan bai faru ba.

Tun da direbobi biyar na yi hira da su, kai ka zama Direba na Uku. Lokaci ya ƙure, don haka na bi babin layi layi, duk inda sunanka yake na goge da hannuna na rubuta Direba na Uku a gurbinsa. Na je Manazarta na share layinka. Na sa kwamfuta ta nemo mini sunanka a kundin gaba ɗaya, ta ce babu. Na sake sa ta, ta sake cewa babu. Ka kwantar da hankalinka.

Jiya na kai shagon buga takardu, layi har bakin titi, kowa da nasa kundin. Yau na karɓo su a ɗinke, baƙin bango da rubutun ruwan zinariya, sai ƙamshin gam suke yi. Na miƙa na sashe da na laburare, na manaja kuma na naɗe shi na kai ofishin saƙonku na nan garin. Na sauke nauyi, yau zan yi barci har da minshari.

'Yarka mai laifi


Daga tasha, ranar Laraba

Uwar Tambaya,

Alhamdu lillahi, Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, kuma na huce. Ki yafe mini zafin bakina, tsoro ne ya yi magana.

Ki ji abin dariya. Kin san wa ya ɗauko saƙon naki? Ni! Shekaranjiya na shigo garinku, ko sauka ban yi sosai ba aka juya ni, shi ya sa ban neme ki ba. Ana loda kaya na ga wani ƙunshi da rubutun hannunki, na ce a ba ni shi nan gaba kada a danne shi da buhu. Haka muka yi tafiyar nan, Direba na Uku yana tuƙi, Direba na Uku yana kwance a gefensa. Da hannuna na miƙa wa manaja. Ya yage takardar naɗin, ya shafa bangon, ya ce kai, har da ruwan zinariya! Ya jingina shi a kan kanta bayan kujerarsa, kusa da kofin da kamfani ya ci a gasar ƙwallo.

Kada ki wahalar da kanki da kira, wayata ta faɗa bokitin wankin mota, tana wurin mai gyara. In kin kare kundin a gaban malamai ki sanar da mu, innarki na da niyyar yi miki ɗinki.

Kawunki


Daga makaranta, ranar Laraba

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Ni ba lafiya ba. Na kira wayarka ba adadi, a kashe. Na kira Inna ta ce kana hanya, ban iya gaya mata komai ba.

Kawu, sunanka yana cikin kundin. Duk inda na goge ya dawo.

Yau Jan Biro ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta buɗe babi na huɗu ta juyo mini da shi. Na ga sunanka cikin baka biyu, na juya shafi na sake ganinsa, na je Manazarta ga shi nan a inda yake da. Ta turo mini kujera.

Na ruga shagon. Mai shagon ya ce lambobin shafi ne suka goce a kwamfutarsa, don haka ya yi abin da yake yi wa kowa: ya zaɓi kundin gaba ɗaya ya ce wa manhaja ta sabunta komai. Ashe abin da na goge fenti ne kawai na sama. Sunan yana nan a cikin akwatin da na shigar da shi tun farko, ban taɓa shi ba, don ban san sai an bi ta can ba. Da aka ce ta sabunta, sai ta watsar da abin da na rubuta da hannu ta koma ta ɗebo nata. Ni kuma da na karɓa, bango na tsaya kallo, ban buɗe ciki ba. Sauri ya haifi nawa, kuma ba mai shago ba ne ya yi saurin.

Ban san inda ƙunshin yake ba yanzu. In bai iso ba, don girman Allah ka tare shi a ofishin saƙo, ka ce an yi kuskuren adireshi, ka ce komai. In kuma ya iso, ka gaya mini abin da zan yi. Ko in taho? Ban san da wane ido zan kalle ka ba.

'Yarka


Daga gida, ranar Lahadi

'Yata,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Takardunmu sun yi saɓani a hanya, ina can ina ba ki labarin dariya, ke kina nan kina kuka. Yanzu kin san inda ƙunshin yake, kin kuma san wanda ya kai shi.

Kada ki zo. In kika zo kika ce a ba ki littafi, abin da zai sa ya buɗe ke nan. Har yanzu bai buɗe ba, ni shaida ne, don kullum sai na shiga ofishin nan sa hannu, kuma kullum sai na kalli kantar kafin in kalli fuskarsa. Yana nan yadda ya jingina shi, har ƙura ta fara hawa.

Na gwada dabara. Na ce ranka ya daɗe, a ba ni aron littafin nan in ga abin da 'yan makaranta suka ce a kanmu. Ya yi dariya ya ce da wannan hannun naka mai baƙin mai? Ya ce ba mai taɓa shi, don masu kamfani za su zo zagaye ƙarshen wata, zai ɗora musu shi a tebur su ga har jami'a ta san da zamanmu. Kin ji. Mutumin alfahari yake da abin da bai san cikinsa ba.

Har sata ta zo mini a rai. Na tsaya a bakin ƙofar lokacin da magatakarda ya fita alwala, ba kowa, taku kaɗan ne tsakanina da kantar. Na kasa. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, kuma in ya ɓata ni za a fara tambaya, tun da ni na nuna ina so.

Abin da ya fi damuna, ko an ba ni hutun ma yanzu ba na iya barci. In aka ce manaja na kira, sai in ce shi ke nan, in je in tarar maganar taya ce. Innarki ta gane akwai wani abu, ta daina tambaya, sai dai ta bi ni da ido. Ban ce ina fushi da ke ba, ban kuma ce ba na yi ba. Ni kaina ban sani ba.

Kawunki


Daga makaranta, ranar Alhamis

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, ban so in rubuto hannu rabbana ba.

An samu mafita. Wannan karon ta cikin akwatin na bi, na goge sunanka daga tushe, na shigar da Direba na Uku a matsayinsa. Na sa aka sabunta a gabana, na sa aka sake, bai dawo ba. Na tsaya a kan mai shago har aka gama bugawa, na karanta kowane shafi kafin a ɗinke. Jan Biro da kanta ta je laburare ta karɓo tsohon, ta haɗa da na sashe da nawa, muka zuba su a injin yayyanka takarda. Yanzu duk duniya kwafi ɗaya ne ya rage mai sunanka, shi ne wanda ke kan kantar nan.

Ga sabon kwafi na haɗo da wannan takarda zuwa gida, ba tasha ba. A ciki akwai wasiƙar sashenmu da hatimi, tana cewa an samu kuskuren bugu a na farko, ana roƙon a musanya. Ba sai ka yi magana ba, ka ba wani ya ajiye a ofishin saƙo kamar daga nan ya zo. Manaja zai karɓi sabo ya bayar da tsoho, bangon iri ɗaya ne.

Kawu, ka daure na 'yan kwanakin nan. Kada ka yi komai, na roƙe ka.

'Yarka


Daga gida, ranar Talata

Uwar Tambaya,

Sallama da gaisuwa. Innarki lafiya, yara lafiya. Bayana ma ya yi sauƙi, tun da ya kwana biyu bai ga kujerar mota ba.

Saƙonki ya iso jiya, ya tarar da ni a gida. Sannu da ƙoƙari, na ga wahalar da kika sha, kuma dabarar taku da ta yi aiki. Sai dai na riga ku.

Ranar Larabar da ta wuce ina tafe da mota cike, jikina a kan hanya, hankalina a kan kanta. Ban ga mai keken da ya fito daga kwana ba sai da na ji ihun fasinjoji. Na taka burki, motar ta yi gefe, Allah ya tsare, ba wanda ya ƙwarzane. Na sauka na yi kamar ina duba taya. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, direba, in barci kake ji ka kwanta, mu ba sauri muke ba. Ba barci ba ne, amma ban ga bambancinsa ba. Na ce a raina, mutumin da ke jiran a kira shi ofis bai kamata ya ɗauki rayukan mutane a bayansa ba.

Da na iso tasha ban ko wanke hannu ba na shiga wurin manaja. Na miƙa hannu na sauko da littafin, yana cewa kai, kai, lafiya? Na buɗe babi na huɗu na ajiye a gabansa, na ce ranka ya daɗe, karanta nan kafin baƙinka su karanta maka. Ya karanta shafi ɗaya, ya juya, ya karanta na biyu. Sannan ya ce, kai ka faɗi wannan? Na ce ni ne. Na jira ya ce ƙarya ne, bai ce ba. Ya jawo aljihun tebur ya saka littafin ya murɗa makulli, ya ce in ajiye nawa makullin wurin magatakarda in na fita.

Na gaya wa innarki komai a ranar. Ta yi kuka, ta yi mini faɗa, ta yi miki, daga baya ta tashi ta ɗora tukunya. Ban san abin da zan yi ba tukuna. Wani mai makarantar koyon tuƙi ya ce in zo mu yi magana, ban sa rai sosai ba. Ba zan ce miki ba komai ba, don da komai. Amma kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai, ni na buɗe shafin da hannuna.

Jiya na zauna da sabon kwafin na karanta babin daga farko har ƙarshe, karo na farko ke nan. Kin rubuta shi daidai, ba ki ƙara ba ki rage ba. Amma ina karantawa ina jin haushi. Tawul ɗina ne, cinyata ce, aikina ne ya tafi a kai, sai ga wani wai shi Direba na Uku ya kwashe duka. Ni kuma sunana yana kulle a aljihun teburin mutumin da ya kore ni.

Don haka ga roƙona, kuma wannan karon a zaune nake rubutu, na karanta abin da na rubuta. Ki je wurin malamarki ki ce na ce a mayar da sunana a kwafin laburare, cikakke, a cikin baka biyun da kuma bayan littafin. In akwai wurin adireshi ki sa na gidan nan. Duk wanda ya karanta ya yi shakka, ya zo ya tambaye ni, yanzu kullum ina gida.

Kawunki